Farin Wake da Baƙin Wake na Malam Gwon

A ƙauyenmu da ke bayan garin Andong, in yaro ya yi rashin kunya sai uwarsa ta ce, "Je ka leƙa gidan Malam Gwon ka ga yadda mutum yake." Matarsa Mal-sun kuwa in ta ji haka sai ta taɓe baki, don ita ta san shi tun bai zama abin misali ba.

Gwon Tae-seop ɗin da ta aura masifaffe ne na ƙarshe. Yana da shekara ashirin da bakwai ya shuri teburin abinci don shinkafa ta caɓe, miya mai zafi ta kwarara a ƙafar ɗansu Yeong-muk, wanda ko tafiya bai fara ba. Kwana uku Tae-seop bai sa komai a bakinsa ba. A na huɗu ya buɗe akwatin littattafan kakansa. A ciki malaman zamanin da sun rubuta cewa kowa da kirkinsa ake haifarsa, datti ne ke hawa daga baya, kuma ko ɗan dako in ya dage da wanke halinsa zai zama cikakken mutum. Shekara dubu biyu ana karanta wannan magana ana gyaɗa kai. Sai mijinta ne ya ɗauke ta da gaske.

Ya ajiye kwano biyu a bakin taga. Ranar da ya wuni lafiya da kowa, farin wake ɗaya. Ranar da ya ɓata, baƙi. Da yake ya san mutum da son kansa, ita ya naɗa alƙali. Kowace safiya sai ya tambaye ta.

"Uwar Yeong-muk, jiya na yi wa wani ba daidai ba?"

"Ka harari maƙwabci a kan ruwan gona."

"Haba, har harara?"

"Ka ce in faɗa ko kar in faɗa? Kuma waken miyata ne kake ƙarar mini."

Yaƙi ya zo ya wuce. Samari suka dawo daga birni suna cewa a gyara ƙasa tukuna, mutum zai gyaru da kansa. Lasifikar hukuma ta ce a cire jinka a yi rufin kwano, sabon mutum zai fito. Malam ya yi rufin, ya ci gaba da wakensa. Kafin ya kai sittin, kwanon baƙin wake kan shekara ba a jefa masa komai ba. Mal-sun tana alfahari da shi ƙwarai, amma ko sau ɗaya ba ta faɗa masa ba, kar kansa ya kumbura.

Yana da saba'in da huɗu mantuwa ta kama shi. Ya sa takalminsa a tukunyar shinkafa, ya kira ta da sunan yayarsa da ta daɗe da rasuwa. Likita a gari ya ce babu magani. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya karya mata zuciya shi ne da la'asar ta yi sai tsohon Tae-seop ya dawo, da ashar ɗinsa da jifa da kwanuka, kamar jiya ya fita unguwa.

"Mama, ciwo ne, ba shi ba ne," in ji Yeong-muk da ya zo daga Seoul.

"To wane ne? Na san mutumin nan sarai, shi na aura."

Da safe kuwa hankalinsa kan dawo garau, kuma bai manta tambayarsa ba. Ta rasa yadda za ta yi. In ta faɗi gaskiya, ta rushe masa aikin shekara arba'in da bakwai. In ta ɓoye, ta mai da shi yaro, wanda ba a kama shi da laifi. Sai ta fara cewa, "Ba ka yi ba." Yana murmushi ya jefa farin wake, ita kuma ta shiga kicin ta yi kukanta.

Wata la'asar ta hana shi fita cikin ruwan sama, ya ɗaga sandarsa ya sauke mata a fuska. Gari ya waye kumatunta a kumbure, babu ɗankwalin da zai rufe shi. Ta kawo masa abinci tana kau da kai, amma ya riƙo hannun rigarta.

"Uwar Yeong-muk, juyo. Wa ya yi miki wannan?"

Ta ajiye abincin a gabansa.

"Wani ne ya dake ki? Tsohuwa kamarki?" Idonsa ya ciko. Ta ga ya yi dogon numfashi yana danne fushin, yadda ya koya wa kansa. Can ya ce a hankali, "Kar a kai shi ga 'yan sanda. Jahilci ne, bai samu mai nuna masa ba. Ki kawo mini shi nan, in zauna da shi. Zai gyaru, ni na sani."

Mal-sun ta miƙa masa cokali.

"To, Malam," ta ce. "Ci abincinka, kar ya huce."