Tukunyar Inna da Carbin Malam

Tukunyar dalma da Inna ta bar mini tana da lotsawa a gindi, tun shekarar da ruwa ya ci unguwarmu New Bell ya kwashe ta ya maka ta da bangon masallaci. Babu bikin layinmu da ba a dafa a cikinta ba.

Maƙwabciyata Hajiya ta are ta za a yi sunan jikarta. Kwana goma shiru. Da na taka da kaina, sai ta fito mini da wata sabuwa fil tana ƙyalli.

"Ga ta, Yaya. Tsagewa ta yi a kan murhu, na kai maƙera suka narkar suka sake zuba ta. Dalmarki ce, ko ɗigo bai ragu ba."

Na ce, "Lotsawar fa?"

Ɗiyarta mai aikin ofis ta kwashe da dariya. "Haba Mama, la mem shoz, ai duk ɗaya ne! Gyara aka yi miki kyauta."

Na ɗauka na fita. Dalmar ce, ban musa ba. Amma hannun Inna bai taɓa kankare wannan ba, kuma wannan ba ta san ambaliya ba. Ban zagi kowa ba. Na dai ajiye abin a raina.

Shekara uku bayan haka Malam, mijin Hajiya, ya rasu. Carbinsa baƙi, wanda ya yi shekara arba'in yana ja, ya tsinke mata. Duk unguwa ni na fi iya shirya carbi da jigida, sai ta kawo mini shi a ƙulle a bakin zane, tana hawaye.

Na shirya shi tsaf. Sannan na shiga Kasuwar Kongo na zaɓo irinsa sak, na yi mako ina murza shi da man ja da yashi har ya tsufa, na yi musu zare iri ɗaya. Da ta zo karɓa, na shimfiɗa mata biyu a kan tabarma.

"Ɗauki na Malam."

Ta shinshina wannan, ta shafa wancan.

"Yaya, don Allah wanne ne?"

"Ke kika zauna da shi, ni zan faɗa miki?"

Ta ɗauki na dama, na jefa ɗayan a akwatina. Har yau ba ta iya jan nata a gaban mutane. Duk sallah takan shigo da tuwo ta durƙusa ta tambaye ni, ni kuwa in ce tsufa ya sa na manta. Ban manta ba.