Shanun da Alhaji Mati Bai Yi Niyyar Sayarwa Ba

Har gobe ban manta da ranar da Alhaji Mati ya shigo butikinmu na gyaran salula da ordinata, wato kwamfuta, a Magariya, ya dangwarar da wayarsa a kan tebur bai ko amsa gaisuwata ba. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan ku saurara, don ran nan saura ƙiris in rasa abincina.

Alhaji Mati ɗan kasuwar wake ne daga wani ƙauye a yankin Yekuwa. Ɗansa Habu da ke aiki a Yamai ya buɗe masa asusun hannun jari, wato mutum ya sayi ɗan rabo a kamfani, a ci riba da shi, a faɗi da shi. A wayar akwai manhaja mai duba kasuwa, ta zaɓa masa abin saye da kanta. Wannan bai dame shi ba. Damuwarsa kada kowa ya sani, don mutumin da ba ya faɗin yawan shanunsa ba zai so a san dukiyarsa da ba a gani ba.

Ni na sa masa manhajar tsare sirri bayan kaka. Aikinta ta kulle waya da lamba, ta kuma dagula saƙo ta yadda ko an tare shi a hanya ba za a gane komai ba. Da na gama bayani ya ce, "To ita 'yar gidan wa ce? Wa ya tsaya mata?" Haka ake tambaya kafin a yarda da dillali. Na yi dariya na ce ni na tsaya mata.

Ashe gwada ta ya je ya yi. Ya aika wa ɗansa saƙon murya na ƙarya, wai zai sayar da shanun nomansa ya zuba kuɗin a hannun jari. Kasuwa ba ta zagayo ba sai ga dillalai suna sallama, sun zo ganin shanu. Abin da ya kawo shi butikinmu ran nan ke nan.

"Lawali," in ji shi, "ni da kai da ɗana muka san cikin wayar nan. Ɗana ba zai tona ni ba. Saura wa?"

Maigidana Malam Isa ya ja ni gefe. Ya ce rabin 'yan kasuwar da ke kawo mana aiki ta hannun Alhaji suka zo, in maganar ta tabbata sai in nemi wani wuri. Abin ya ba ni mamaki. Na bi wayar ciki da bai, ba wanda ya shiga, ba abin da ya fita. To ta ina maganar ta bi? Na roƙi Alhaji ya bar ni in bi shi gida in ga yadda yake aika saƙo.

Washegari na hau kabu-kabu. Ina isa na lura wayata ba rezo, wato sabis, ko kaɗan. Alhaji ya ce ai duk garin wuri ɗaya ake samu, ya yi gaba ina bin sa har wani ɗan tudu, daf da rijiya. Mata na jan ruwa, masu amalanke na jiran layi. Ya hau tudun, ya ɗaga waya sama, ya danna, ya kwarara murya: "Assalamu alaikum, Habu! Kana ji na?" Kunnen Alhaji ya ɗan yi nauyi, shi ya sa yake ganin kowa ma haka. Har jakin da ke gefe sai da ya ɗaga kai.

Na nuna masa rijiyar. Ya dubi matan, ya dubi wayar, hannunsa ya sauko a hankali.

Wata dattijuwa da ake ce wa Inna Hassu ta ajiye gugarta. "Mati, in zancen shanu ne, ni na gaya wa ƙanena, ya daɗe yana neman na noma. Laifi ne?"

"Sai shi kaɗai kuka ji, Inna?"

"Wane shi kaɗai! Tun kaka muka san kana da rabo a kamfanin siminti, har faɗuwar da ya yi ta hana ka cin tuwo."

"Amma ba wanda ya taɓa yi mini maganar."

"To ina ruwanmu? Ba ka so a sani ba, muka bar ka. Shanu ne ka ce na sayarwa."

Alhaji ya kama hannuna a gaban kowa ya ce, "Ɗana, na zalunce ka, ka yafe mini." Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Bai bar ni na tafi ba sai da na sha fura, ranar kasuwa kuma ya zo da kansa ya wanke ni wurin Malam Isa.

Tun daga nan, kafin in sa wa kowa manhaja sai na tambaye shi inda yake tsayawa in zai yi waya, da wanda ke karanta masa saƙo. Ku ma ku riƙa tambaya. Kuma kada ku raina mutanenmu a kan sha'anin sirri. Ni na yi ta taƙama da manhajata, ashe duk tsawon watannin nan matan bakin rijiya ne suka rufa wa Alhaji asiri.