Durorin Bayan Maɗaba'a

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Da safiyar Talata, sha huɗu ga watan Yuli, Allah Ya karɓi ran maigidana, mai maɗaba'ar da nake jan inji a cikinta tun gashina yana baƙi. Mutanen layinmu Mai Tawada suke ce masa, domin ko ranar biki ba a raba farcensa da shuɗi.

Maigida, kai ka koya mini ɗaura farantin bugu a inji da daidaita launi huɗu har fuskar mutum ta fito ba inuwa. In na yi gaggawa sai ka ce kuskure ɗaya a faranti, kuskure dubu ne a takarda. Guntayen takardun da wuƙar yanka ta rage ba ka taɓa ƙona su ba, ɗaure su kake yi ka rarraba wa masu shaguna su yi ƙunshi.

Amma abin da aka fi saninka da shi, har ana yi maka dariya, shi ne durorin nan. Duk kammala aiki muna wanke rololin da ke shafa tawada a inji da kalanzir, ruwan ya fito baƙi ƙirin mai wari. Sauran masu bugu a kwata suke tuttularwa. Kai ka hana, saboda kwatarmu ta bi ta gindin rijiyar da gidanka da duk maƙwabta ke sha. Sai mu tara a duro har motar kamfanin da ke sarrafa shi ta zo ta kwashe.

Da ciwo ya kwantar da kai a asibiti, ba wanda ya kira motar. Durori suka cika, babu inda za a zuba wankin gaba, aiki ya tsaya. Safiyar Talatar nan ƙaninka, wanda ya riƙe mana wurin, ya shigo ga hadari ya haɗu. Ya ce in juye su a kwata, ruwan sama zai tafi da komai.

Na ce, "Yallaɓai, yayanka bai taɓa yarda ba."

Ya ce, "Yaya yana kwance. Masu kawo aiki sun cika ƙofa. Ko ka buɗe, ko ka ba ni wuri."

Na tsaya a gaban duron, ko da yake ina da iyali kuma ba ni da wata sana'a. Ya kewaye ni ya kama murfin, har ya fara juyawa. Yayyafi ya soma sauka a kan kwano. A nan wayarsa ta yi ƙara. Ya saurara, hannunsa yana kan murfin, sai na ga ya zauna a ƙasa.

Da aka kawo ka gida, famfo ba ruwa kamar yadda ya saba. Ƙaninka da kansa ya ɗauki guga ya nufi rijiyar. Ina riƙe da bokiti yana juyewa, ruwa fari tas, ana ganin gindin bokitin. Da shi aka yi maka wanka. Bai dube ni ba. Sai da muka dawo daga maƙabarta ya ja ni gefe ya ce, "Ka ɗaure murfin nan da kyau, na kira motar."

Na yi kewarka, maigida, kuma har yanzu ina tsoron abin da gobe za ta zo da shi. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka, Ya shayar da kai daga tafkin Alkausara. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka, da 'ya'yanka, da ƙaninka da nauyin ya koma kansa, da duk gidan da ke jefa guga a rijiyar nan. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan.