Fentin da taubashina ya yi wa motata

Na karanta tarihi gwargwadon hali, na kuma koyar da shi har alli ya cinye mini yatsu, kuma abin da na tsinta a ƙarshe shi ne, yaƙi da fari da annoba duk bayan taimako suke wajen yi wa ɗan Adam ɓarna. Mutum iri biyu ne ke rusa dukiya a duniya: wanda ya iya aiki ya tsawwala kuɗi, da wanda bai iya ba ya yi maka kyauta. Daulolin da suka rushe, da za a tona da kyau, na tabbata za a tarar da wani ɗan'uwa a gindin ganuwa yana rantsuwa shi gyara ya zo yi. Ni duka biyun na gamu da su a kaka ɗaya, a kan mota ɗaya.

Motar da kuɗin sallama na saye ta lokacin da na bar aji. Tsohuwa ce tun a hannun wanda ya sayar mini, amma injinta lafiyayye, ba hayaƙi ba tari. Jikin ne rana ta cinye. Asalinta ruwan toka ce, sai samanta ya yi ɗabbare-ɗabbare kamar taswirar da dolon aji ya zana ranar jarrabawa, ƙofar baya kuma ga lotsawa inda amalanken shanu ya goge ta a kasuwa. Wannan bai taɓa hana ni barci ba. Rufin gidana na Kankiya shi ya hana ni. Daminar da ta wuce mun ƙare ta muna jan gado daga wannan kusurwa zuwa waccan, littattafaina sun kumbura kamar burodi. Na fara tara kwanon rufi kaɗan-kaɗan ina jinginewa a zaure, amma na ga ba zai kai ba, ga katako, ga kafinta. Sai na yanke shawarar in sayar da motar in rufe gidan kafin wani ruwan ya sauko.

Dillalin motoci ne ya fara saka ni a hanya. Ya zagaya ta hannuwa a baya, ya ce, “Malam, wannan ko kyauta ka ba mutum sai ya tambaye ka na fenti. Mai saye da ido yake saye. Ka yi mata wanka tukuna.”

Na kai ta wurin mai fentin da ke bakin titin Kano zuwa Katsina. Filinsa cike da motocin mutane da aka kankare aka manta da su, wata har kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Mutumin yana da wani tsaki da yake ja kafin ya yi magana, irin na likitan da ya ga mai kuɗi ya shigo da ciwo. Ya ƙwanƙwasa nan, ya shafa can, ya karanto mini karatunsa: a kankare, a cike lotsawa, a goge, a sa na ƙasa, a sake gogewa, sannan na sama. Da ya zo faɗar kuɗin sai ya ɗaga kai yana duban sama, kamar daga can ake aiko masa da farashin. Abin da ya faɗa ya kusa kai rabin kuɗin kwanon da ke jingine a zaurena.

Na ce, “Motar zan sayar, ba aure za ta yi ba.”

Ya ce, “To Malam, ka ɗan zagaya ka ji na wasu. Ina nan.”

Yana nan ɗin kuwa. Irinsu ba sa zuwa ko'ina.

A wannan makon taubashina ya zo cin kasuwa. Ɗan kawuna ne, manomi, yana zaune a wani ƙauye bayan Kusada, kuma tun da ya sayi waya mai hoto babu sana'ar da bai ƙware a kanta ba. Ya taɓa gyara rediyona, shi ya sa yanzu nake sauraren labarai a gidan maƙwabci. Kowa ya san dokar taubasantaka: ya zage ka ka yi dariya, ya ɗauki hularka ka yi dariya, ranar da ka ɓata rai kuwa dangi su ce boko ya lalata ka. Na yi kuskuren faɗar kuɗin fentin a gabansa muna cin tuwo.

Ya ajiye loma. “Mi? Don shafa ma ƙarhe launi? Bawana, wanga karatu naka bai hana a cuce ka ba. Hwenti ai hwenti ne.”

Na ce masa ya ci tuwonsa.

Da zai tafi ya ce in ara masa motar, zai kai surukarsa asibiti a duba mata ido. Ba a hana taubashi, ba a kuma hana mai kai tsohuwa asibiti. Ya haɗa mini biyun a jumla ɗaya, kuma ya san abin da ya yi. Na miƙa makulli.

Kwanaki suka wuce ba mota ba labari. Sai ga waya: in zo da kaina, akwai abin da ba ya faɗuwa sai an gani. Na hau motar haya zuwa Kusada, daga nan na hau babur, ina ta lissafin irin karon da aka yi da ita. Da karon ne ma da na gode Allah.

Tana tsaye a fili bayan gidansa, mutane sun kewaye ta kamar an kama kura. Shuɗiya ce. Shuɗin nan na ƙofar shago, wanda ake hangowa daga wata unguwa. Fentin ƙofar ne ma ya sayo, ya tsinka shi da fetur, ya ɗura a famfon da yake goyawa yana yi wa wake feshin magani, ya bi motar da shi layi-layi yadda yake bin kunya a gona. Inda famfon ya yi tari, fentin ya zubo ya daskare kamar majina. Gilasan ya rufe su da takardar buhun siminti, amma fitilu da tayoyi da lambar mota bai ga dalilin nuna musu bambanci ba.

Wannan duk da sauƙi. Filin da ya zaɓa, don ya ce ya fi samun iska fenti ya bushe da wuri, a gefen masussuka yake. Lokacin kaka ne, mata na ta sheƙar gero tun safe, iskar da ya nema kuwa ta yi aikinta. Duk ƙaiƙayin da ya tashi daga ƙoransu a jikin ɗanyen fentin ya sauka. Motar ta yi gashi. Na ɗora hannu a kan ƙofa, na ji kamar na shafa bayan bushiya, kafin in janye har tsintsiyar hannuna ta fara ƙaiƙayi. A saman bonet ga sawun zakara ya hau ya sauka, a tsanake.

Taubashina na tsaye yana murmushi, hannuwansa shuɗi har gwiwa.

“Yaya ka gani, bawana? Ko sisi ba ni karɓa. Zumunci ne.”

Na ce, “Surukar taka fa? An duba idon?”

“Ta ji sauƙi da kanta.”

“Da ka kai ta. Da ta gani ta hana ka.”

Jama'a suka fashe da dariya, suna cewa taubasai sun haɗu. Wani dattijo ya matso ya ce in gode wa Allah da ya ba ni ɗan'uwa irin wannan, a zamanin da ɗan'uwa ba ya ba ka ko ruwan alwala. Na dube shi, na dubi motar. A gaban mutanen ƙauyen kawuna, da bakina, na ce na gode, Allah ya bar zumunci. Na yi shekaru ina sa yara rubuta abin da ba su yarda da shi ba, ranar na ji yadda suke ji.

Ina shirin tayar da mota ya leƙo ta taga. “Af, famfon ya toshe, ya ƙi wankuwa. Ka san a hidimarka ya mutu. In ka sai da motar ka tuna da shi, wake ba ya jira.”

Na tuƙo ta zuwa Kankiya ina leƙe ta gefen da takardar siminti ta bari. A Kusada masu babur suka bi ni da hon. Dillali da ya gan ta sai ya tsallaka titi kamar ana kiransa a can.

Mai fenti kuwa bai ja tsaki ba wannan karon. Farin ciki ya hana shi. Ya kira maƙwabcinsa mai walda ya zo ya gani, suka shafa, suka sosa hannu.

“Malam, wa ya yi maka wannan?”

“Ɗan'uwa.”

“Allah ya ƙaro mana irinsu.”

Ya ce yanzu aiki biyu ne, sai an fara cire na ɗan'uwa kafin a kai ga nasa, kuma fentin ƙofa ba ya fita da lallashi. Ya sake duban sama, aka aiko masa da ninkin na farko. Babu wanda zai sayi mota mai gashi, babu kuma inda zan samo kuɗin in ba a zaure ba. Na sayar da kwanon da na tara don in gyara motar da zan sayar in sayi kwano. Na taɓa koyar da lissafi na wucin gadi, na san wannan ba ya cikin manhaja.

Motar ta shiga sahun waɗanda aka manta. Duk zuwan da na yi, ko an ɗauke wuta, ko fenti ya yi tsada a Kano, ko ya tafi ta'aziyya. Mutumin nan ya yi ta'aziyyar da ta fi yawan mutanen garin. Rani ya wuce, bazara ta shigo, hadari ya fara haɗuwa ta gabas, sannan ya kira ni. Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa, kuma ba da son raina ba: ta yi kyau. Ruwan tokar ya dawo yana sheƙi, har na ga fuskata a ƙofa, ban kuma ji daɗin abin da na gani ba.

Dillali ya dawo da fara'arsa, ya kawo mai saye, wani manomi daga Fakuwa. Mutumin bai zagaya motar ba. Ya ce a tayar, ya buɗe bonet, ya kara kunne, ya leƙa ƙarƙashi, ya taya, aka sallama. Bayan dillali ya cire la'adarsa, kwano kuma ya ƙara kuɗi a tsakanin, abin da ya rage ɗaki ɗaya ya rufe. Na zaɓi na littattafai. Mu muna nan muna jan gado. Taubashina ya aiko a tuna mini da famfo, ya kuma gaya wa dangi cewa ba don fentinsa ya riƙe ƙarfen ba da tsatsa ta cinye motar kafin a sayar.

Manomin da ya sayi motar ya kai ta wurin mai walda aka yanke bayanta. Taki take kaiwa gona.