Yadda Kashin Awaki Ya Kunyata Ni

Shekarun baya, masu haƙar kwal suka tattara injinansu suka bar ƙauyenmu, aka mayar mana da gonar mahaifinmu. Gona a suna kawai: ramuka, tsakuwa da baƙar ƙasar da ko ƙaya ba ta fitowa. Dajin da mahaifiyata ke samun itacen girki ma an share shi, sai ta yi doguwar tafiya da tsufanta kafin ta hura wuta.

Lokacin ina Riyad, ina aikin dashen itatuwa a Dir'iyya, can gefen birnin. Watana takwas kacal da farawa, amma ji nake ba wanda ya kai ni sanin bishiya. Na kira yayana na ce a cika gonar da itatuwa masu saurin girma, a riƙa sarar rassansu ana girki. Har zane na yi masa a takarda na tura hoto.

Ya dasa, suka bushe. Ya sake, suka sake bushewa. Duk Juma'a ina ɗakinmu a unguwar Gubaira ina zazzaga masa faɗa a waya.

"Yaya, ka bi tazarar da na ce kuwa?"

"Malam, ku bututu ke ba ku ruwa. Ni jarka ce da wuyana. In ka matsu, zo ka dasa."

Ya kashe wayar.

Akwai wani dattijo ɗan Maraɗi a ɗakinmu, aikin gadi yake yi. Ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Khalas, ya isa haka, yaro, ka ishe mu. Kuna da awaki?"

Na ce muna da su.

"A ba su 'ya'yan bagaruwa su ci. A tona ƙananan ramuka kafin damina, a zuba kashinsu. Irin da ya bi ta cikin akuya ba ya ƙin tsira, ga takinsa tare da shi."

Ni da ke aiki da injiniyoyi? Na ba mahaifiyata labarin don mu yi dariya. Ba ta yi dariyar ba. Ita da yayana suka aikata, ko gaya min ba su yi ba.

Yau bagaruwar ta fi ni tsayi, da rassanta ake girki a gidanmu. Na koyi saurara kafin in ɗaga murya, ban musa ba. Amma har yanzu raina na sosuwa, don duk baƙon da ya tambayi mahaifiyata yadda aka yi gonar ta farfaɗo, amsarta ɗaya ce:

"Wani bawan Allah ne ɗan Maraɗi. Nawa ɗan dai ihu ya iya a waya."