Injin Maiguwa a cikin akwatin ƙarfe

Duk wanda ya taɓa kai hoton biki shagon Maiguwa a Buza ya san kallon da ake yi wa mai shigowa. Maiguwa zai amsa sallama da fara'a, amma idonsa na kan hannunka. A Tabotaki aka haife shi, gidan manoma, kuma tun yana yaro in aka auna masa gero sai ya juya tiyar ya duba gindinta. Ba wanda ya taɓa yi masa wata babbar cuta. Haka Allah ya yi shi, mutum ne da ba ya yarda ƙasa tana ƙasa sai ya taka.

Da cajin waya ya fara, ya koma zuba wa mutane waƙa a kartin waya, daga baya ya sayi tsohon ordinater, wato kwamfuta ta tebur, ya shiga haɗa bidiyon aure da suna. Aiki ne mai kasuwa, domin rabin mazan yankin suna Abijan ko Libiya, kowa yana son ya ga bikin ƙanwarsa a waya. Matsalar ita ce injin yana tafiya kamar jakin da ya ɗauko itace. Bidiyon suna ɗaya sai ya cinye yini.

A duniya mutum ɗaya ne Maiguwa yake bar wa shago ya tafi masallaci, shi ne Tanimu, abokinsa tun suna kiwon awaki. Ba shi da wani amini bayan wannan, kuma ya sani. Tanimu ya yi shekaru a Abijan yana gyaran injina, ya dawo gida lokacin ɗari, ya zauna ya ga yadda abokinsa ke gyangyaɗi yana jiran inji.

"Ana iya ƙara mai gudu," in ji Tanimu, "amma sannu-sannu za a bi shi."

Maiguwa ya yi sati yana juya maganar kafin ya yarda. Ranar da aka buɗe injin, Tanimu ya share ƙura, ya goge busasshen man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar inji da fankarta, ya shafa sabo. Sannan ya shiga shuɗin shafin da ke fitowa kafin inji ya tashi, ya ƙara gudun mataki ɗaya, ya ba injin aiki mai nauyi, suka zauna suna kallon lambar zafi. Da ta zauna lafiya, ya ƙara wani matakin. Haka har la'asar, sai ya tsaya.

"Nan za mu barinai. Wagga lamba ita ta zahi, kak ka bari ta wuce tamanin. Wagga kuwa tansiyon ta, wutad da ƙwaƙwalwa ka sha. Ita ka kashe inji, kak ka taɓa ta. In bazara ta shigo ka kira ni mu rage mai."

Injin ya tashi da gudu, aikin yini ya koma na hantsi. Maiguwa ya ji daɗi ƙwarai, amma ko a ranar wani abu ya tsaya masa a rai. Me ya sa Tanimu ya tsaya nan, alhali lambobin suna da sauran wurin hawa? Kuma me ya sa sai an kira shi?

Ɗari ya wuce, zafi ya sauko kan duwatsun Adar, kwanon shago ya koma kamar tanda. Maiguwa bai kira kowa ba. Injin ya fara maƙalewa da azahar, ana tsakiyar aiki sai ya ɗauke. Da wani ne sai ya duba lambar zafi, shi kuwa Maiguwa sai ya fara lissafin waɗanda suka shigo shago. Ya lura abin yana faruwa ne bayan ya dawo daga salla, wato akwai mai taɓa masa kaya. Ya daina bar wa Tanimu shago. Ya ɗauko akwatin ƙarfen matarsa Cima, ya kai wa mai walda ya huda ramin wayoyi, ya saka injin ciki ya danna kwaɗo.

Cima ta ce, "Baban Asiya, abin da ka numfashi ka kulle cikin akwati?"

Ya ce mata ta bar abin da ba ta sani ba.

Injin ya ƙara lalacewa, ba mamaki. Maiguwa ya ce to ƙarfi ne aka rage masa da gangan, ya shiga shuɗin shafin da kansa ya ɗaga lambar da aka hana shi taɓawa. A makon ne ya ji Tanimu ya je Madawa yana tambayar farashin kamara. Shi ke nan, zance ya haɗu a kansa: an gyara masa inji don ya mutu, a buɗe shago a kan gawarsa.

Da ya bar abin a cikinsa da sauƙi. Amma a fada, wurin da suke shan shayi bayan la'asar, gaban mutane, ya ce akwai masu shafa wa inji mai da hannu ɗaya suna haƙa masa rami da ɗayan. Bai ambaci suna ba, kuma ba a buƙaci ya ambata ba. Tanimu ya ajiye kofinsa ya tashi.

Kwana kaɗan bayan haka injin ya kai ga ba ya minti biyar a kunne, ga bidiyon auren mutanen Garhanga a ciki. Cima ce ta saɓi mayafi ta je ta roƙi Tanimu. Ya zo da hantsi, ya yi sallama daga bakin ƙofa, ya ce ba zai shiga ba sai an kira mutum biyu sun tsaya. Aka kira tela da mai kantin gefe. Kunya ta kama Maiguwa har ya rasa inda zai sa idonsa.

Da aka buɗe akwatin, zafin da ya fito sai da tela ya ja da baya. Tanimu ya sa hannu cikin akwatin. Ya fito da injin ya ɗora kan tebur, ya bar shi ya huce, ya mayar da wutar inda take, ya sauke gudun mataki biyu, ya juya fankar shago ta fuskance shi. Ya ba shi aiki, lambar zafi ta hau ta tsaya a saba'in da 'yan kai. Allah ya sa ƙwaƙwalwar ba ta ƙone ba.

Maiguwa ya fara neman bakin magana. "Tanimu, ka san halina..."

"Na sani," in ji Tanimu. Ya cire murfin injin ya nuna wa shaidun ciki. A kan kowane ƙarfe da kowane kati akwai ɗigon jan farcen Cima, alamar da Maiguwa ya yi don ya gane in an musanya masa kaya. "Ku duba, Malam Maiguwa shi duba, duk suna nan. Tun ranad da nib buɗe shi da hwarko nig gan su, jan bai ko bushe ba. Nic ce ba komi, ba don ni anka yi ba."

Ya mayar da murfin, ya ɗaure kusoshin, ya gaisa da tela da mai kanti. Maiguwa ya miƙa hannu, Tanimu ya karɓa ya gaishe shi yadda ake gaida baƙo, ya fita.

Har yau injin yana aiki. In an kira salla Maiguwa yakan kashe shi, ya rufe shagon, ya tafi da makulli a aljihu.