Muryar Alhaji Tsakanin Rufi da Daɓe

Ni ba injiniya ba ne, ko da yake a layinmu na Sabon Gari ba wanda ya isa ya faɗi haka a gabana. Gyaran rediyo da lasifika nake yi tun gashina yana baƙi.

Wata ranar damina, bayan la'asar, Iya ta shigo shagona. Bayarabiya ce, maƙwabciyar gidanmu a Fagge, mai sayar da atamfa. Ta kwance bakin zani ta fito da kaset. Mijinta ne, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki muryarsa ya aiko mata daga wata tafiyar fatauci, zamanin da ake aika gaisuwa a kaset. Yanzu kunnenta ya yi nauyi, rediyonta ba ya kai mata.

"Baba mai rediyo, so nake in ji shi kamar yana tsakar gida."

Ina da wata 'yar amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin murya, da na haɗa da hannuna. Taransiston ƙarshe a cikinta shi nake kira ɗan rakiya: ba ya ƙara wa murya tsayi, sawunta kawai yake bi, ya ba ta ƙarfin tura lasifika. Masu boko wai ɗan ajin A ne, don ba ya hutawa. Ko shiru ake, wuta na ratsa shi, jikinsa da ɗumi. Amma yana da iyaka. A sama, ba ya wuce abin da batir ya ba shi. A ƙasa, inda wutar da aka tanadar masa ta ƙare, nan zai tsaya. Tsakanin nan murya take lilo lafiya lau. In ta wuce, sai a aske mata kai da ƙafa.

Na sa kaset. Iya ta kai hannu ta murɗa maɓallin ƙara murya har ƙarshe. Mu nan ba ma yarda abu yana aiki sai mun ƙure shi.

Murya ta fito a tsage, kamar ana yaga ƙyalle. Iya ta ja da baya.

"Wannan ba Alhaji ba ne. Ka lalata min shi!"

"Shi ne, Iya. Dogon mutum kika tura cikin akurki, dole ya bugi rufi."

"Kanka ne akurki."

Na dinga sassauta maɓallin a hankali har tsagewar ta ɗinke. Muryar ta dawo daidai, sai dai ba ƙarfi. Na ce wa Iya ta matso. Ta jawo benci, ta jingina kunne da katakon lasifika. Yayyafi ya fara taɓa kwanon rufi. Ni ba na jin yaren, amma muryar tana hawa tana sauka kamar kwalekwale a kan ruwa kwance, har shagon ya yi min nisa. Iya ta lumshe ido, leɓenta na motsi, tana riga shi faɗin kalmomin.

Can ta yi dariya, hawaye na bin kuncinta.

"Me ya ce?"

"Wai in rage barkono a miya kafin ya dawo." Ta ɗaga min hannu, ba ta buɗe ido ba. "Yi shiru, Baba. Yanzu zai yi tari."

Ya kuwa yi.